Lambun Yanayi Shida: Inda Muka Kwana da Dattawan Whadjuk

8 ga Fabrairu, 2024

Yau kwamitin lambun makarantar yaranmu ya yi zamansa na farko a bana, kuma ni aka ɗora wa riƙe biro. Rahoton zaman na Turanci yana cikin fayil ɗin makaranta. Wannan nawa ne, da Hausa, saboda 'yan gida da ke yawan tambayata wane aiki ne ya ɗauke mini hankali haka a makarantar yara.

Firamare ce ta gwamnati a gabashin birnin Perth, Ostireliya ta Yamma. Ƙasar da aka gina ta a kai ta Whadjuk ce, ɗaya daga cikin rassa 14 na al'ummar Noongar, waɗanda suke zaune a kudu maso yammacin jihar nan dubban shekaru kafin Turawan Ingila su kafa sansaninsu a 1829. Boorloo suke kiran Perth, kogin da taswira ta ce Swan kuma Derbarl Yerrigan.

Abin da aka sa a gaba shi ne filin yashin da ke bayan ɗakin karatu. Ana so a mayar da shi lambun itatuwan ƙasar nan, a tsara shi bisa yanayi shida na shekarar Noongar, a yi da'irar zama a ciki inda yara za su riƙa sauraron dattawa. Wani ɓangare na kuɗin zai fito daga shirin PALS na gwamnatin jiha, wanda ke ba makarantu ɗan tallafi don irin wannan aiki, sauran kuma daga abin da ƙungiyar iyaye ta tara ta sayar da kek.

Shugabar makaranta ta zo da zane an gama shi tsaf, har da ranar buɗewa a ƙarshen Mayu. Kowa ya yaba. Sai jami'ar da ke kula da karatun yaran Aborijin, wato mutanen asali na Ostireliya, 'yar Noongar ce, wadda tun fara zaman ba ta ce uffan ba, ta tambaya: "Wa kuka tambaya kafin ku zana?" Ba a tambayi kowa ba. Daga intanet aka kwaso komai. Ta ce a ajiye takardar, a ɗora shayi, a gayyato masu ƙasa su zo su ga wurin tukuna. A kan haka aka tashi.

22 ga Fabrairu

Zafi ya kai intaha. A wannan wata ma'auni ya haye digiri 40 ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Bunuru ke nan, mafi zafin yanayin shida.

Dattijuwar da aka gayyato daga cikin masu ƙasa ta zo da sassafe. A nan duk wata dattijuwa mai daraja Anti ake ce mata, ni ma haka nake kiranta. Ba ta ko kalli zanen ba. Ta zagaya filin a hankali, ta tambayi yaran Noongar da ke makarantar su wane ne iyayensu da kakanninsu, har ta gano wani yaro jikan ƙawarta ne. Daga nan ta tsaya ƙarƙashin babbar bishiyar marri da ke jikin shinge, wadda ta cika da farin fure, ta ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yanta masu tauri da suka zube a ƙasa. Ta nuna wa yara inda baki ya yage gefensa, ta ce karak ne ya ci wannan, wato baƙin akun nan mai jan wutsiya, kuma da a ce mai farin wutsiya ne da tabon ya bambanta. Ɗiyata ta dawo gida aljihunta cike da su, tana jera su a tabarma tana ware na wane tsuntsu ne.

Abin da Anti ta nanata shi ne yanayin ba da kalanda yake shigowa ba. Littattafai sun raba su wata bibbiyu: Birak a Disamba da Janairu, Bunuru a Fabrairu da Maris, sai Djeran, Makuru, Djilba, da Kambarang a Oktoba da Nuwamba. Amma fure da iska da tsuntsu ne suke faɗa. Wannan bai yi mini wuyar ganewa ba, domin kakata ba ta taɓa duba takarda kafin ta ce damina ta ƙarato ba. Ganin shamuwa ya ishe ta.

Game da zanen, abu biyu ta faɗa. Da'irar zaman tana tsakiyar rana, ba tsohon da zai zauna a can. A mayar da ita inuwar marri. Na biyu, ita kaɗai ba ta isa ta yi magana da yawun kowa ba. Akwai wani gida da kakanninsu suka fi alaƙa da fadamar da ke ƙasan makarantar, sai an je an gai da babbansu.

21 ga Maris

Muna cikin azumi, aikin ma ya ɗan lafa.

An je an gai da dattijon. Ni Kawu nake ce masa. Bai karɓe mu hannu bibbiyu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Watanni biyar ke nan da ƙuri'ar raba gardama ta 14 ga Oktoba, 2023, inda kusan kashi 60 cikin ɗari na masu zaɓe suka ƙi a kafa majalisar da za ta riƙa isar da muryar Aborijin ga gwamnati. Ya ce makarantu suna tuna shi sau ɗaya a shekara, ya zo ya yi wa mutane maraba, a ɗauki hoto, shi ke nan sai baɗi. In irin wannan ne, ya gaji. Jami'armu ta ce masa shi ya sa muka zo tun ba a haƙa ko rami ɗaya ba. Ya ce zai zo ya gani.

Wata matsala ta taso. Kuɗin zuwan Anti na watan jiya har yau bai shiga hannunta ba, wai takardun ofis ba su cika ba. Wani uba a kwamiti ya ce shi ya ɗauka aikin sa kai ne. Na ce masa mai gyaran famfo in ya zo ba wanda ke tsammanin ya yi kyauta, balle wadda ta kawo ilimin da babu shi a kowane littafi a ɗakin karatunmu. An amince daga yanzu a tanadi takarda kafin baƙo ya iso, a kuma haɗa da kuɗin mota.

18 ga Afrilu

Djeran ya shigo a kalanda, amma ƙasa ba ta sani ba. Tun Oktoba Perth ba ta ga ruwan kirki ba, har itatuwan daji a kan tuddan gabas sun soma bushewa a tsaye. Shugaba tana so a yi shuka a farkon Mayu don a cim ma ranar buɗewa. Kawu ya zo, ya zuba ruwan gora a kan yashin, muka ga ruwan ya taru ya gangara bai shige ba. Haka yashin Perth yake idan ya daɗe a bushe. Ya ce, "'Yata, ku jira ruwa." An soke ranar buɗewa gaba ɗaya, ba a sa wata ba.

An yi amfani da jiran wajen zaɓen tsirrai. Marri na nan don Bunuru. Banksiya mai jan fure don Djeran. Ita ce ake jiƙa furenta a ruwa a sha zaƙi. Masu shuɗi da shunayyan fure don Makuru, masu ruwan ɗorawa don Djilba, sai furen nan mai kama da dantsen kangaru, alamar jihar, don Kambarang. Mai gandun shuka ya gargaɗe mu kada a kusanto da takin zamani na yau da kullum, domin sinadarin fosfaros da ke ciki yana kashe banksiya. Ya kuma ce a wanke takalma da shebur, saboda wata cutar saiwa da ke bin laka daga wuri zuwa wuri.

Don Birak malamin kimiyya ya so a dasa moodjar, bishiyar da ke yin fure ruwan lemo kamar wuta a Disamba. Anti ta ce a'a. Ta ce bishiya ce da ke da alaƙa da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ba a tsinkar furenta, kuma ba ta son ta a inda ƙananan yara ke wasa. Malamin ya so ƙarin bayani, ba ta ƙara ba. An cire ta daga jerin.

Kututtukan zama ma sai da aka sake shawara. Akwai wani ƙwaro mai huda itace da aka gano a Perth a 2021, an kafa dokar taƙaita safarar itace a unguwanni da yawa. An koma kan duwatsun farar ƙasa.

9 ga Mayu

An yi muhawara mai zafi a kan bangon da ke fuskantar lambun, kuma na ƙaru ƙwarai.

Malamar zane ta shirya yara su cika bangon da ɗige-ɗige, irin zanen da duk duniya ta sani da na Aborijin. Jami'armu ta ce wannan ba na Noongar ba ne. Na mutanen hamada ne, ya shahara daga Papunya a tsakiyar ƙasar tun 1971, kuma alamomin da ke ciki suna da masu su. Haka ma doguwar sarewar itacen da ake busawa a kowane taro, asalinta daga arewa ne. Aborijin ba ƙabila ɗaya ba ce; harsuna sama da 250 ake yi a nahiyar nan lokacin da Turawa suka zo.

Malamar ta tambaya, to mene ne na Noongar? Sai Anti ta ba mu labarin Carrolup, wani sansanin gwamnati kusa da Katanning inda aka tsare yaran da aka raba da iyayensu. A 1946 wani malami mai suna Noel White ya zo, ya riƙa fita da su daji, su dawo su zana abin da suka gani: itatuwa, faɗuwar rana, kangaru a bakin ruwa. Zanen ya yi kyau har wata Baturiya, Florence Rutter, ta kai shi nuni a Turai. Daga baya ya ɓace, sai a 2004 aka gano sama da guda 100 a ajiye a Jami'ar Colgate da ke jihar New York a Amurka, aka dawo da su Jami'ar Curtin a nan Perth a 2013. Yara ne 'yan shekarun yaranmu suka yi su. Na duba hotunan a daren nan, na daɗe ban iya rufe kwamfuta ba.

An yanke cewa wata mai zane 'yar Noongar za ta jagoranci bangon, a biya ta, kuma haƙƙin zanen ya zauna a hannunta.

28 ga Mayu

Ranar 26 ita ce ranar tunawa da yaran da aka ƙwace, daga 27 ga Mayu zuwa 3 ga Yuni kuma makon sulhu tsakanin Aborijin da sauran mutanen ƙasar. Maimakon buɗe lambu, Anti ta zauna da 'yan aji biyar da shida.

Malamarsu ta riga ta shimfiɗa musu tarihin: dokar 1905 da ta mayar da wani jami'in gwamnati waliyyin kowane yaron Aborijin da bai kai 16 ba, A. O. Neville da ya riƙe wannan ragama daga 1915 zuwa 1940. Sansanin Moore River da aka buɗe a 1918. Da dokar da ta hana Aborijin shiga tsakiyar Perth ba tare da takardar izini ba daga 1927 zuwa 1954. Anti ta ɗora da abin da ya sami gidansu. Ta roƙi kada a rubuta, don haka ba zan rubuta ba. Wani yaro ya tambaye ta ko neman gafarar da Firaminista Kevin Rudd ya yi a 2008 ya wadatar. Ta ce ta ji daɗin ranar, amma waɗanda suka fi cancantar su ji, da yawansu suna ƙasa.

13 ga Yuni

Ruwa ya sauka, Makuru ya kama, yau aka yi shuka.

Kafin ranar, wasu iyaye Musulmi, 'yan Somaliya da Afganistan, sun same ni a bakin ƙofa suna tambaya game da al'adar hayaƙi ta Noongar da aka ce za a yi ranar shukar. Shin bauta ce? Ban amsa da ka ba, na kai tambayar wurin Kawu. Ya ce a wurinsu tsarkake wuri ne da yi wa baƙo maraba, yana da alaƙa da kakanni kuma ba zai ɓoye wannan ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tsaya gefe, ba zai ɗauke shi raini ba. Haka na isar, haka aka rubuta a takardar da aka aika gidaje. Wasu yaran sun ratsa hayaƙin, wasu sun tsaya tare da iyayensu suna kallo, kuma duka suka ɗauki shebur bayan nan. Ni kaina a gefe na tsaya. Da aka gama Kawu ya zo ya tambaye ni lafiyar yara kamar kullum. Gaskiyar da ya faɗa ta fi mini da a ce ya lallashe mu da cewa al'ada ce kawai.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne bishiyoyin balga guda biyu da aka ceto daga wani fili da za a yi gini. Baƙin kututture gare ta, da gashin ganye a ka. Santimita ɗaya zuwa biyu take ƙaruwa a shekara, don haka wadda ta kai ƙugun ɗiyata ta girmi mahaifiyata. Kawu ya sa yara suka taɓa ƙaron da ke jikinta, ya nuna musu yadda ake narka shi a haɗa da gawayi da kashin kangaru ya zama danƙon da ke riƙe dutse a jikin ƙota. Bai bari kowa ya tattake saiwar ba. Shi da kansa ya durƙusa cikin laka ya mayar da ƙasa da hannu.

19 ga Yuli

Makon NAIDOC na bana, wato makon bikin tarihi da al'adun Aborijin, 7 zuwa 14 ga wata, ya faɗa cikin hutu, shi ya sa makaranta ta shirya nata bikin a yau. Bai yiwu ba. An yi rasuwa a gidan su Anti, kuma zaman makoki a wurinsu yakan ɗauki makonni, dangi na tahowa daga garuruwa masu nisa. An kawo shawarar a ɗauko wasu masu rawa daga wani kamfani don kada ranar ta wuce. Kwamiti ya ƙi. Iyaye sun haɗa abinci, jami'armu ta kai.

15 ga Agusta

Djilba. Gefen lambun ya yi ruwan ɗorawa, tsuntsayen koolbardi kuma sun fara kai wa masu keke farmaki a hanyar makaranta, kamar yadda suke yi duk lokacin da suke da ƙwai a sheƙa.

Anti ta dawo. An soma darasin harshe na ɗan lokaci kowane mako: kaya don gaisuwa, boodja ƙasa, moort dangi, kep ruwa, karla wuta. Bai isa ba, kowa ya sani. Akwai makarantun gwamnati a jihar nan da Noongar ne darasin harshensu na dindindin, mu ba mu da malami. Ma'aikatar ilimi tana da horo na musamman ga masu son koyar da harsunan Aborijin, kuma jami'armu ta ce tana tunanin nema. In ta samu, shi ne babban abin da wannan aiki zai haifar, ya fi lambun kansa.

Allunan sunayen tsirrai sun tsaya saboda rubutu. Kalma ɗaya takan zo da rubutu biyu ko uku, har sunan al'ummar ma wasu Nyungar suke rubutawa. An bar wa gidajen biyu su daidaita, mu jira.

12 ga Satumba

'Yan aji huɗu sun je Matagarup, tsibirin da ke tsakiyar kogi gab da birni. A nan Kawu ya ba su labarin Fanny Balbuk, wadda ta rasu a 1907. Tana da hanyar da take bi daga nan zuwa fadamar da tashar jirgin ƙasa ta Perth take a yau, inda take samo abinci. Da Turawa suka gina gidaje a kan hanyar, ba ta kauce ba: ta riƙa karya shinge da sandar haƙanta tana ratsawa. A 2022 aka kafa mutum-mutuminta a lambun gidan gwamna, gidan da ta sha tsayawa a ƙofarsa tana faɗa saboda kabarin kakarta na ciki. Yaran sun dawo suna so a yi wa lambunmu hanya miƙaƙƙiya da sunanta. Kawu ya ce suna ba abin wasa ba ne, sai an tambayi danginta.

24 ga Oktoba

Kambarang, lambun ya yi kyau. Banksiya kaɗan sun mutu a gefen da ruwa ke kwanciya. Za a maye su baɗi. Balga ɗaya ta fitar da sabon ganye, ɗayar tana nan shiru, an ce takan ɗauki fiye da shekara kafin a san ko ta kama.

Mai kula da shafin makaranta na Facebook ya nemi ya ɗauki bidiyon Anti tana ba da labarin Waugal, macijin da Noongar suka ce shi ya tsaga kogin. Ta ƙi. Ta ce labarin na wurin ne da na waɗanda suka zauna suka saurara. In ya hau intanet wani zai kwafe shi ya koyar ba tare da ya san ta ba. Wasu malamai sun damu, suna cewa to in ba ta nan fa? Damuwar tana da tushe, na yarda. Amma mutanen da aka ƙwace wa ƙasa da 'ya'ya suna da haƙƙin su riƙe abin da ya rage a hannunsu, su kuma zaɓi wanda za su ba. Jikarta tana zuwa tare da ita yanzu, tana zaune kusa da ita a kowane zama.

5 ga Disamba

An buɗe lambun makon jiya, ba tare da manyan baƙi ba. Bango ya kammala, alluna sun iso da rubutun da gidajen biyu suka amince da shi. Gefen Birak yana nan babu bishiya. An sa ciyayi masu jure fari, da ɗan allo da ke bayanin ƙona daji kaɗan-kaɗan da Noongar suke yi a wannan yanayi.

Zaman ƙarshe na yau ya tafi a kan baɗi. Tallafin PALS ba na dindindin ba ne, don haka mun nemi hukumar makaranta ta ware wa dattawan kuɗi a cikin kasafinta na kullum, kada zuwansu ya dogara da kek. An karɓa a baki, ba a sa hannu ba tukuna. Anti da Kawu sun yarda su zo sau ɗaya a kowane yanayi, su kuma za su faɗi ranar. Jami'armu ta miƙa takardar neman horon.

Makaranta za ta rufe ranar 12 ga wata, sai farkon Fabrairu, kuma tsirran ba su taɓa ganin rani a wannan fili ba. An raba ban ruwa tsakanin gidaje, da sassafe, a gindi ba a ganye ba. Gidanmu ya ɗauki makon farko na Janairu. Har yanzu ba a san wanda zai riƙe makullin famfo ba, gobe zan je ofis a kan wannan.